Zaren Bahaguwa

Alhamis, 18 ga Afrilu, 2024

An yi sadakar arba'in ɗin Inna yau. An ci, an yi addu'a, kowa ya kama gabansa ya bar ni da wanke-wanke. Bayan la'asar na buɗe ɗakinta, karo na farko tun ranar da aka fita da ita. Ƙanshin man zafinta yana nan. Na jawo kwandon kaɗinta daga ƙarƙashin gado: mazari, alli, ɗan ƙoƙon da take kafa mazarin a ciki, da dunƙulen zare huɗu farare sol. Na huɗun bai ma cika ba.

Na san na wane ne. A gidan nan duk jikan da aka haifa, a cikin mayafin zaren Inna ake fito da shi a nuna wa jama'a. Ita ta kaɗa, ni in saƙa, haka muka raba aikin tun haihuwar Zahida, 'yata ta fari. Wannan na cikin matar Sadiƙ ne, ƙanena, autanmu. Tun kafin kowa ya buɗe baki Inna ta dubi yarinyar sau ɗaya, ta aika garin Sokode a kawo mata auduga.

Ranar da jikinta ya yi tsanani ta riƙe hannuna ta ce, "Zaituna, kar a fito da ɗan Sadiƙ ba zarena a jikinsa." Na ce to. Me zan ce?

Sadiƙ ya zo sadakar, tare da matar tasa. Na gaishe su yadda ake gaida baƙi.

Juma'a, 19 ga Afrilu

Baban Zahida ya ce na sha kunu da yawa jiya, har yarinyar ta kasa cin abinci. Na ce cikinta ne ya hana ta, ba ni ba.

Shi namiji ne, komai a wurinsa mai wucewa ne. Ni na goyi Sadiƙ, bayana ya san nauyinsa. Ya tashi ya auro 'yar unguwar Bè mai kitso, Akosiwa, ta musulunta aka sa mata Sakinatu. Ban ce komai ba. To, na ce, amma ba da yawa ba. Ya kwashe kayansa daga unguwarmu ta Zongo ya koma Bè-Kpota kusa da shagonta, nan ma na haɗiye. Amma ranar da Inna ta cika yana garin Aneho wajen binne kakan matarsa, gawar da ta yi wata biyu a firij tana jiran dangi su taru. Muka kira, muka kira, waya a kashe. Mu ba ma ajiye gawa. Da ya iso an dawo daga maƙabarta, har an share tsakar gida.

Wannan ne ya tsaya mini a rai, kuma har yau bai wuce ba.

Laraba, 24 ga Afrilu

Na fara saƙar. Don Inna, ba don kowa ba.

A shago nake yi, tsakanin mai sayen sabulu da mai sayen magi. Zaren nan ba ya son gaggawa. Siriri ne, sumul, ba ƙulli ko ɗaya, sai ɗan ƙanshin alli. Na tuna lokacin da na dawo daga makarantar masoeur, sistocin coci, ta unguwar Tokoin da tsinkayen saƙa a jaka, Inna ta ce wato an tura ni karatu na koyo wasa da sanduna. Da ta ga hular farko sai ta ɗauka ta shafa. Washegari na tarar da dunƙulen zare a kan katifata.

Mayafi yana cin dunƙule shida. Huɗu nake da su. Zan yi tunanin wannan in na isa can.

Asabar, 4 ga Mayu

Ruwa tun safe. Ba ciniki, sai saƙa. Na yi kuka kaɗan, ba wanda ya gani.

Asabar, 11 ga Mayu

Zaren Inna ya ƙare a hannuna yau, a tsakiyar layi. Na zauna ina riƙe da ɗan guntun ƙarshen. Nan ne ta tsaya.

Zahida ta kira daga garin Kara. Da na gaya mata ta ce, "Maman, ki je kasuwar Asigame ki sayi len fari mana, ulun kanti, wa zai gane?" Na ce ni zan gane, Inna ma za ta gane. Ta yi dariya. Yaran yanzu komai na kanti ne, har ladabinsu.

Akwai sauran audugar da Inna ta shiɓe a cikin buhu, tas, ba iri ba datti. Ni zan kaɗa. Na zauna kusa da matar nan tun ina rarrafe, ba zai gagare ni ba.

Laraba, 15 ga Mayu

Ya so ya gagare ni. Wani wurin zarena kamar igiyar shanya, wani wurin ya tsinke don kansa. Babban yatsana ya yi ja. Baban Zahida ya leƙo ya tambaya ko tarkon kifi nake haɗawa, na ce ya je ya duba ko ana nemansa a masallaci.

Amma jiya da yau ya fara daidaita.

Lahadi, 26 ga Mayu

Na shiga uku.

Na haɗa zarena da na Inna tun ranar Talata, na saƙa kusan tsawon tafin hannu biyu. Yau na shimfiɗa mayafin a kan tabarma in gani. Ashe ya karkace. Ɓangaren Inna ya ɗan kwanta gefe guda, yadda duk mayafanmu suke yi, nawa kuwa ya kwanta ɗaya gefen. A mahaɗar ya yi gwiwa sak irin ta ƙafar akuya. Na ja, na jiƙa, na danne da turmi, ya koma yadda yake.

Gwaggo Ruƙayyat, ƙanwar Baba, ta shigo karɓar gishiri ta same ni a kai. Ta ɗaga zaren biyu kusa da idonta mai kyau, ta murza, ta yi tsaki. Ta ce, "Ke ma dai. Uwarki bahaguwa ce, kin manta? An dake ta har ta koyi ci da dama, amma mazari da hagu take murza shi. Zarenta baya yake juyawa. Naki da nata ba za su taɓa kwanciya wuri ɗaya ba." Ta ƙara da cewa ita tun ranar da aka kawo Inna gidan nan ta san komai nata a juye yake. Shekara hamsin suna wannan faɗan, mutuwa ma ba ta raba ba.

Wallahi ban taɓa lura ba. Kullum gabanta nake zama, hagunta yana daidai damana.

Litinin, 27 ga Mayu

Na warware nawa duka. Na gwada da hagu, mazarin ya tashi ya faɗa cikin bokitin ruwa. Na gwada juya shi baya da dama, ko tsawon kamu ɗaya ban samu ba.

Asabar, 1 ga Yuni

Na zaga Zongo neman bahaguwa mai kaɗi. Masu kaɗin ma sun ƙare, tsofaffi biyu na samu, duka na dama. Bahagwai kuwa babu wadda ta yarda ita ce. Duk an gyara su da muciya tun suna yara, sai ka ce zagi na kawo musu. Wata ma ta ce in fita mata daga gida.

Da yamma Baban Zahida yana shan koko, kansa a ƙasa, ya ce, "Ai akwai ɗaya a dangi."

Na sani. Tun a hanya na sani. Ranar farko da Sadiƙ ya kawo ta gaisuwa da hagu ta miƙo mini ruwa, na ƙi karɓa, ta tsaya ba ta san laifinta ba. A Bè ma ai ba a yin haka, amma ta rikice ne, hannun ya riga ta.

Na ce masa ba ta iya kaɗi ba. Ya ce, "Ke kin iya ne watan jiya?"

Litinin, 3 ga Yuni

Ba zan kira ba.

Alhamis, 6 ga Yuni

Na kira Sadiƙ. Shi na kira, ba ita ba. Na yi masa bayani a taƙaice, na ce aikin Inna ne, ba alfarma nake nema ba. Sai ya ce, "Yaya, ke ce kika kira ni yau?" Na ce a'a, aljani ne.

Ya ce ranar Litinin ba ta buɗe shago.

Litinin, 10 ga Yuni

Ta zo da hantsi a kan zem, babur ɗin haya, da cikin nan a gaba, riƙe da ledar ablo, wainar masarar da suke turarawa, wai ta kawo mini. Ta durƙusa har ƙasa, da ƙyar ta tashi. Na ce ta daina, ba na son a ce a gidana wani abu ya same ta.

A ɗakin Inna muka zauna don nan kayan suke. Ta tsaya a bakin ƙofa ta cire takalmi, ta yi sallama ga ɗakin da ba kowa. Na yi kamar ban ji ba.

Na zauna gabanta, ni da dama ita da hagu. Na nuna mata yadda ake shafa alli a yatsa, yadda ake jan audugar a hankali kada a fizge. Na ba ta mazarin Inna. Hannuna bai so saki ba, sai da ta ɗan jira. Hausarta irin wadda ta tsinta a bakin miji ce da kwastomomi. Duk tsinkewa sai ta ce, "Pardon, Yaya, ya yanke kuma." Ta faɗa ya fi a ƙirga. Na ce ta bar ba ni haƙuri, audugar za ta ba.

Kafin azahar ta fitar da zare mai tsawon hannu wanda bai tsinke ba. Mummuna ne, amma baya yake juyawa. Na ɗora shi kusa da na Inna, suka kwanta tare.

Yatsun masu kitso ne, dole su yi sauri. Ba wani abin yabo ba ne.

Ablon ya yi daɗi. Ban gaya mata ba.

Talata, 18 ga Yuni

Sallah ta wuce. Layya ta farko ba Inna. Babu wanda ya yi mini faɗa a kan yadda na yanka kayan ciki, sai na rasa abin da ke mini daɗi. Sadiƙ ya kawo cinya, ya zauna a zaure da Baban Zahida, bai shigo ciki ba. Jiya Litinin ba a yi kaɗi ba, kowa yana fama da suya.

Litinin, 24 ga Yuni

Zarenta ya fara kama hanya. Ta cika rabin mazari yau.

Muna cikin aiki ta ce wata rana tana yanka albasa a nan tsakar gida, Inna ta kama ta da wuƙa a hagu. Ta tsorata za ta sauya, sai Inna ta ce ta bari. "Ya nuna mini bayan hannunsa, Yaya, wai nan aka buga shi da ludayi. Ya ce in an haifi yaro goshe kar in bari kowa ya taɓa shi." Inna take nufi da "ya" ɗin, goshe kuma wai bahago da Faransancinsu.

Na san tabon nan. Tun ina yarinya nake ganinsa, na ɗauka ƙuna ce. Ni 'yarta ban taɓa tambaya ba, ga 'yar Bè an ba ta labari. Na ji haushi, ban ɓoye wa kaina ba. Na tashi na ce zan duba tukunya, alhali ban ɗora komai ba.

Sadiƙ ya zo ɗaukarta. A zaure ya tare ni, ya ce, "Yaya, ni na kashe wayar ranar nan. Ana cikin coci, na ji kunya ta yi ƙara. Ita tun asuba take cewa mu koma, jikinta bai ba ta ba." Na ce ban tambaye shi ba. Ya ce ya sani.

Ban tambaye shi ba. Me zan yi da wannan maganar yanzu?

Litinin, 8 ga Yuli

Dunƙule ɗaya ya cika. Na wanke shi, ya bushe, na haɗa da na Inna tana zaune tana kallo. Na saƙa layuka masu yawa kafin in yarda in shimfiɗa. Ya tafi sak, ba gwiwa. Ta tafa hannu ta ce wani abu da Mina, yarensu, sai kuma ta rufe baki ta dube ni. Na ce ta faɗa mana, ai ba masallaci muke ba.

Ta dubi kaina ta ce kitsona ya tsufa. Gaskiya ne, tun rasuwa ban zauna gaban kowa ba. Na ce ba shi ya kawo ta ba.

Litinin, 15 ga Yuli

Ƙafafunta sun kumbura, zoben hannunta ma ya ƙi fita. Na yi wa Sadiƙ tas a waya: mace mai ciki wata bakwai a kan zem daga Bè-Kpota zuwa Zongo, a wannan ramukan, shi ba shi da hankali ne? Ya ce ai ni na ce ta riƙa zuwa. Na kashe wayar.

Na haɗa mata mazari da alli da sauran audugar ta tafi da su. Ta ƙarasa a gida. Aro ne, na gaya mata aro ne.

Juma'a, 19 ga Yuli

Ta haihu. Bakwaini. Mace.

Sadiƙ ya kira ina tsakiyar auna shinkafa, muryarsa ba tasa ba. Jinin Sakinatu ne ya hau, aka yi mata aiki da gaggawa a asibiti a Tokoin. Na bar shagon a buɗe, maƙwabciya ce ta rufe mini.

An sa jaririyar a kwalba. Ta gilashi na gan ta. Kanta bai fi lemon zaƙi ba, ƙirjin yana sama da ƙasa da sauri-sauri, ga robobi a hanci. Likita ya ce a yi addu'a, kwanakin farko su ne masu wuya. Uwar ba ta farfaɗo sosai ba.

Zem ɗin nan. Ya Allah, kada ya zama zem ɗin nan ne. Na tambayi nas, ta ce ba shi ba ne, hawan jini ne. Na sake tambayar wata.

Asabar, 20 ga Yuli

Nas ta ce a kawo hula, irin waɗannan yaran ta kai sanyi yake shigarsu, ga garin da sanyin Yuli. Sadiƙ ya sayo har kala uku a bakin asibiti, duk sun rufe ta har haɓa.

Na dawo gida na ɗauko mayafin. Abin da ke raina ba zan iya faɗa wa kowa ba, amma a nan zan rubuta: in yarinyar nan ba ta kai ranar fitowa ba fa? Inna ta ce kar a fito da ita ba zarenta a jiki. Ba ta ce wace irin fitowa ba.

Zaren Inna yana ƙasa, na Sakinatu a sama, kuma saƙa daga sama take warwaruwa. Na zare tsinkayen na ja. Aikin sati biyu ya zube a cinyata kafin ruwan shayi ya tafasa. Na ci gaba da ja har na shiga na Inna, na ɗebi abin da zai isa. Baban Zahida ya tsaya a ƙofa yana kallo, yau dai bai yi tsokana ba.

Zare ɗaya ya yi siriri, ba zai riƙe ɗumi ba. Na haɗa biyu, na Inna da na uwarta, na saƙa su tare. Don ɗumi ne kawai. A kan lemo na gwada girman.

Lahadi, 21 ga Yuli

Na dafa hular a ruwan zafi, na goge, na kai. Nas ta juya ta a hannu ta ce da Faransanci wa ya yi wannan, na ce kakarta. Ta shiga ta sa mata. Ta zauna daidai.

Sakinatu ta farka. Na je gefen gadonta, ta kama hannuna da wannan hagun nata ta ce, "Yaya, pardon, ban gama zaren ba." Na ce ta rufe mini baki. Sai na ga ni ce nake kuka, ita tana ba ni haƙuri.

Mamanta tana wurin, wata doguwar mata mai sayar da kifi. Ba ta jin Hausa, ni Minata ta ciniki ce. Mun zauna benci ɗaya, ta ɓare mini gyaɗa.

Juma'a, 26 ga Yuli

An raɗa suna a masallaci bayan asuba, ba taro, mai sunan tana kwalba. Safara'u. Sunan Inna. Sadiƙ ya ce ba shi ya zaɓa ba.

Yanzu ga shi an bar ni da yarinyar da ba zan iya kiran sunanta ba. Ummi zan riƙa ce mata.

Asabar, 3 ga Agusta

An cire robar hanci. Tana shan nonon da ake tatsa, da ɗan ƙaramin kofi.

An sallami Sakinatu amma kullum tana asibitin, daga shayarwa zuwa shayarwa. Zaman jiran ne yake cin ta, sai ta zauna ta zuba wa ƙofa ido. Shekaranjiya na ce wa Sadiƙ ya kawo mata mazarin. Yanzu a benci muke yini, ita tana kaɗi ni ina mayar da abin da na warware. Mata suna taruwa kallo. Wata tsohuwa 'yar ƙabilar Kabiye ta ce rabonta da ganin mazari tun kakarta na da rai, ta roƙa a bar ta ta taɓa.

Shago kuwa Baban Zahida ne a ciki. An ce yana ba mutane sabulun wanki a madadin na wanka. Allah ya kyauta.

Litinin, 12 ga Agusta

An sallamo Ummi. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi.

Na bi su Bè-Kpota, karo na farko da na taka gidan. Ɗaki biyu ne, tsaf, ba laifi. Hoton Inna yana bango. Na ɗora ruwan wanka da kaina don na ga mamanta tana shirin yi da ruwa mai ɗumi-ɗumi, wai shi ne wankan jego. Mun yi gardama da hannu da ido, a ƙarshe muka raba: ni safe, ita yamma. Likita dai ya ce kar ruwan zafi ya kusanci wurin ɗinkin, duk mu biyun muka ji kunya.

Saura gefen mayafi kawai. Zaren ya isa, har da ragowa.

Lahadi, 18 ga Agusta

An yi walimar a gidanmu na Zongo, a tsakar gidan Inna. Ba a cika mutane ba saboda jikin yarinyar, amma dangin Bè sun zo da kulolinsu, Zahida ma ta sauko daga Kara. Ni na naɗe Ummi a mayafin na fito da ita. Ba ta da nauyi ko kaɗan, sai da na riƙa leƙawa in tabbatar tana ciki. Sadiƙ ya karɓe ta, ya sa fuskarsa a cikin mayafin ya daɗe bai ɗago ba. Na bar shi.

Gwaggo Ruƙayyat ta sa aka kawo mata jaririyar. Ta yi addu'a, ta tofa, sannan ta kama gefen mayafin ta kai kusa da idonta mai kyau tana bin sa da yatsa. Ta bi sama, ta bi ƙasa. Sai ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, har da Sakinatu da ke zaune a bayana, ta ce, "Zaituna, nuna mini inda na uwarki ya ƙare, inda na 'yar Bè ya fara."

Na san wurin. Ko a duhu aka ba ni zan sa yatsa a kai, akwai ɗan ƙulli ta ciki da na ɓoye da allura.

Na ce, "Gwaggo, duk zaren gidanmu ne."

Ta dube ni, na dube ta. Ta saki mayafin ta ce a miƙo mata goro.

Ban shirya faɗar haka ba, bakina ne ya riga ni. Ban waiwaya baya ba kuma, don na san abin da zan gani, ga mutane.

Sun tafi kafin magariba saboda sanyi. Gobe da sassafe zan je, wankan safe nawa ne.